Amsa kan sakannin ƙarshen zango: a riƙe ƙwallo ko a jefa da wuri?

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka cewa yaranka na ƙwallon kwando suna zubar da maki a ƙarshen kowane zango, har kana neman sanin ko su riƙe ƙwallo zuwa jifan ƙarshe ko su jefa da wuri domin ku kai hari biyu abokan hamayya su kai ɗaya, sai na ji kamar daga bakina ka ɗauko ta, domin wannan matsala ta sha hana ni barci.

Kada ka bari abin da yaran suke gani a wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ruɗe su. A can agogon wasa yana tsayawa idan ƙwallo ta shiga kwando a mintin ƙarshe na zango uku na farko, amma a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ba ya tsayawa sai a minti 2 na ƙarshen zango na huɗu da ƙarin lokaci. Saboda haka idan yaronka ya ci saura sakan 32, abokan hamayya za su ɗauko ƙwallon a hankali agogo yana tafiya, sakan 24 da ake ba su domin su yi jifa kuma ba za su fara ba sai wani ya taɓa ta a cikin fili, ka ga kusan babu abin da zai rage muku. A ganina, wanda bai samu jifa mai kyau ba kafin ya rage sakan 38 ko 36, gara ya haƙura da hari na biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a ƙarshen wani zango na uku, muna gaba da tazara kaɗan, an riga an kashe agogon 24 tunda lokacin da ya rage bai kai haka ba, ƙwallo kuma tana hannuna a tsakiyar fili. Na ɗaga hannu ina nuna a dakata, sai wanda ya fi ci mana maki ya zo har gabana yana tafa hannu yana daka mini tsawa. Da ya karɓa bai dubi agogo ba, bai dubi dogonmu da ke tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin kwando ba, ya ɗaga ta daga bayan layin maki uku alhali mutum biyu suna kansa. Ta daki bakin ƙarfe ta yi tsalle can nesa, suka kwasa a guje suka ci, aka kuma hura mana laifi. Wallahi da muka koma benci ni kocin ya nuna da yatsa a gaban kowa, shi kuwa gogan yana goge fuska da tawul ko uffan bai ce ba, kuma har yau bai ce mini ya yi kuskure ba.

Don Allah ka sa mutum ɗaya ya zama mai kula da agogo, kowa kuma ya san maganarsa ce za a bi, ko da tauraron ƙungiya zai ɓata rai. Idan jifan ƙarshe za ku yi, a fara kutsawa saura sakan 8 ko 9, a saki ƙwallo saura kamar 3, mutum biyu kuma su koma baya tun tana sama. Ka tuna musu cewa idan suka cafe wadda ta dawo daga bakin kwando bayan jifanku, sakan 14 suke da su, ba 24 ba, kuma idan lokacin da ya rage bai kai haka ba, su fito da ita waje a sake shiri.

Sannan ka riƙa duba yawan laifukan ƙungiyarku. Matuƙar ba ku cika huɗu ba a zangon, za ku iya tare mai ƙwallo da ƙaramin laifi kafin ya ɗaga hannun jifa ku ɓata musu shiri, amma daga na biyar jifa biyu na kyauta za a ba su.