Awon Kujerar Ƙarfe Ba Ya Yi wa Ta Alminiyum

Ka tambaye ni ko za mu iya ɗaukar awon kujerunmu na ƙarfe mu ƙera irin waɗannan na alminiyum masu hannu, waɗanda ake jerawa a wuraren cin abinci na waje, idan an tashi a ɗora su bisa juna. Ba zai yi ba, yarona.

Nauyin alminiyum kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa ma'aikaci ke ɗaga kujera da hannu ɗaya. Amma taurinsa ma haka yake, kashi ɗaya cikin uku. Ka sa bututu mai siririn da muka saba da shi, mai jiki yana zama ƙafafu za su buɗe. Dole bututun ya fi faɗi, bangonsa ya fi kauri.

Ita kuwa ɗorawar tun a zane ake yin ta. Dubi hoton da kyau: mazaunin ya tsuke ta baya, ƙafafun baya sun fita ta gefensa, hannuwan sun ɗan buɗe ta sama don ta biyu ta shige cikin ta farko. Ɗan kuskure a kwana ɗaya, kujera biyu za su hau lafiya, ta biyar ta karkace. Saboda haka kowace kujera a kan firam guda ake ɗaure ta kafin walda, ba a awo da ido. Ka tuna tebur ma. Yawancinsu tsayinsu wajen santimita 75 ne, mazauni 45, to hannun ya tsaya ƙasa da leɓen tebur, in ba haka ba mai cin abinci ya zauna nesa da kwanonsa.

Walda ce wurin da yara ke shan wuya. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na Celsius, amma fatar da iska ke yi masa a sama sai ta haura 2,000. Ga shi ba ya yin ja ya gargaɗe ka, kana kallo kawai zai zube. Ka goge shi da burushin da bai taɓa ƙarfe ba, ka yi da injin TIG, wato mai walda da tsinken da ba ya narkewa, a kan AC (wutar lantarki mai kai da komowa) da iskar argon mai kare waldar daga iskar waje. Kuma gefen walda yakan yi laushi saboda zafi, don haka kada ka sa haɗi daidai inda hannu ke ɗaukar nauyin mai tashi.

Masu cewa ba ya lalacewa sun faɗi rabin magana. Ba ya jan tsatsa, gaskiya ne, amma ka ɗaura masa noti na baƙin ƙarfe ruwa ya shiga tsakani, alminiyum ɗin ne zai cinye ya zama farin gari. Ka sa notin da ba ya tsatsa, da zoben roba a tsakani. Ka huda ƙasan ƙafafu ruwa ya fita, sannan ka manna ƙananan robobi a ƙarƙashin mazauni don kada ta sama ta kankare fentin ta ƙasa.