Wace Illelar?

Jikana,

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, saƙonka ya iso, kuma sai da na sa ƙanwarka ta maimaita mini shi sau biyu, domin a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Ka ce katin ɗaurin auren abokinka ya ce Tudun Wada, kai kuma da yake kana Zariya sai ka hau babur ka je Tudun Wadan da ke bakin makarantarku, ka yi ta zagaya masallatai har azahar, alhali ana can ana rabon goro a Tudun Wadan Ɗankadai ta jihar Kano. Daga nan ka tambaye ni dalilin da ya sa mutanenmu suke maimaita sunan gari kamar sunaye sun ƙare, da kuma wanne ne na asali wanne ne jabu, har ka ƙara da cewa ya kamata hukuma ta sauya wa wasu suna don taswirar waya ta daina rikicewa. Farkon maganar ya ba ni dariya, amma ƙarshenta ya tsaya mini a rai, domin ban taɓa zaton zan ji jinina ya kira garin mutane jabu ba.

Ba kai ne farkon wanda takwarar gari ta wahalar a gidan nan ba. A shekarar 1975, ina saurayi ban kai ga auren kakarka ba (wadda har yanzu kake iƙirarin matarka ce), mahaifina ya kira ni zaure bayan sallar isha'i. Shi dillalin fatu da ƙiraga ne, kuma tun kafin farin 1973 akwai wani mutum da yake kawo masa fata, wanda duk gidan ba mu san shi da wani suna ba sai mutumin Illela. Ya bar wa mahaifina kaya bashi, na fam 60, ya tafi da niyyar dawowa bayan damina, sai fari ya shiga tsakani, shekara biyu ba shi ba labarinsa. A cikin wannan tsakanin kuɗin ma kansa ya sauya, naira ta maye gurbin fam, bashin ya zama naira 120. Mahaifina ya ƙirga kuɗin a gaban fitilar ƙwai, ya zuba a lalita, ya sa na ɗaura ta a ƙugu a ƙarƙashin riga, ya ce: "Ka kai wa mutumin Illela haƙƙinsa, ba na son in kwanta dama da shi a wuyana." Ni kuwa da rawar kai irin ta samari na ce to, ban tambayi komai ba, domin a ganina wanda ya gama sakandare ba ya buƙatar a yi masa kwatancen Illela.

Na bi ta Funtuwa da Gusau na kwana a tashar Sakkwato, hannuna a kan lalita har gari ya waye. Da safe na shiga motar da ta bi ta Kware da Gwadabawa, muka isa Illela ta bakin iyaka ranar kasuwa. Ban taɓa ganin dabbobi da yawa haka a wuri ɗaya ba, ga raƙuma a durƙushe, ga Buzaye da rawunansu ba ka ganin komai sai idanu, ga ƙura ta tashi har tana shiga haƙora. Na nufi rumfar 'yan fata na faɗi sunan mutumin da na mahaifinsa. Aka tura ni wurin wani, shi ma ya tura ni wurin wani, har aka kawo mini mutum biyu masu irin sunan, amma babu wanda ya taɓa taka Kano a cikinsu. Ɗayan ma, da ya ji maganar kuɗi ce, sai ya ɗaga hannu ya ce shi dai ba ya bin kowa bashi a Kano, kada in ɗora masa abin da ba nasa ba. Na daɗe ina tuna wannan mutumin.

La'asar ta yi na gaji, na zauna a bencin wani mai shayi. Wani dattijo da yake jiƙa burodi a kofi ya dube ni ya ce: "Yaro, tun hantsi nike ganin ka kana yawo, mi kaka biɗa?" Na ba shi labari. Bai yi gaggawar amsawa ba, sai da ya shanye shayinsa, ya goge gemu, sannan ya tambaye ni irin fatun da mutumin yake kawowa da irin rawanin da yake naɗawa. Da na gaya masa sai ya yi murmushi ya ce: "Wace Illelar aka aike ka? Wagga ko ta Adar?" Wallahi sai na ji kamar an zare mini laka. A ranar na fara jin cewa akwai wata Illela a cikin Nijar, a ƙasar Tawa, inda Sarkin Adar yake zaune, kuma ba ƙaramin gari ba ce. Dattijon ya ce kama da wane ba ta wane, kuma matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san abin da zai tambaya.

Washegari na tsallaka Birnin Ƙonni, na canza ɗan guzurina zuwa sefa, na hau wata tsohuwar akori-kura da ta ɗauki hanyar Tawa, muna zaune a kan buhunan gero. A Badagishiri na sauka na sami wata ta ratsa da ni. A Illela ta Adar yaro na farko da na tambaya shi ya kai ni har ƙofar gidan. Na tarar da mutumin ya rame, garkensa duka fari ya cinye, turakun dabbobi suna nan a tsakar gida babu ko akuya ɗaya a ɗaure. Da na kwance lalita na zube masa kuɗin a kan tabarma, sai ya ɗauki takarda ɗaya yana jujjuyawa, domin shi fam ya sani, sai da na yi masa lissafin cewa kowace fam ɗaya naira biyu ce. Bai ce komai ba na wani lokaci. Daga baya ya kira matarsa ta kawo fura a ƙwarya da ludayi, furar da ruwanta ya fi geronta yawa, kuma na san ita ke nan a gidan. Kwana uku ya riƙe ni, kuma kafin in tafi na ga awaki huɗu a turakun nan.

A daren ƙarshe na ba shi labarin ɓatan da na yi, na kuma yi masa irin tambayarka, har da irin zafin kanka. Ya ce shi a wurinsu ba a kiran gari tsirara, sai an yafa masa mayafi, a ce Illela ta Adar, a ce Gaya ta Dandi don a raba ta da Gaya ta Kano. Wannan ita ce al'adar da kuke ganin kamar tsawaita magana ce idan tsoho ya ce Yalwan Yawuri ko Yalwan Shandam, Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, Kafin Hausa ko Kafin Madaki. Kakata takan ce suna ba ya tafiya shi kaɗai sai da ɗan rakiya, kamar amarya. Wanda ya buga katin abokinka shi ne ya kori ɗan rakiyar don ya rage tawada, kai kuma ka bi waya ba ka bi baki ba.

Game da asali da jabu kuwa, ka sani sunayen nan ba hanya ɗaya suka bi suka haɗu ba. Wasu yanayin wuri ne ya raɗa su, duk inda aka ga dutse ko rimi ko aka kafa kafi don tsaro sai sunan ya bi, kuma ba wanda ya ari na wani. Wasu sana'a ce ta haife su. Duk inda ayarin fatake ya saba sauka ya zama zango, shi ya sa kake da Zangon Kataf da Zangon Aya, kuma hanyar goro ta Gwanja, wadda kakan mahaifina ya bi da jakuna, ta kai kalmar har Gana, inda yau unguwannin baƙi a Kumasi da Ankara ake ce musu zango. Tudun Wadan da ka yi yawo a cikinta a zamanin Turawa ta bunƙasa, lokacin da aka ware Sabon Gari ga mutanen kudu da jirgin ƙasa ya kawo, aka bar Tudun Wada ga baƙi 'yan arewa waɗanda ba 'yan cikin birni ba. Sunan kansa addu'a ce, fatan wadata ne, kuma ban ga yadda za a ce addu'ar wani ta asali ce ta wani jabu ba.

Waɗanda suka fi taɓa zuciyata su ne sunayen da aka ɗauka aka yi gudun hijira da su. Mahaifina yakan kwatanta su da garwashin da mace take ɗiba daga murhun tsohon gida ta kai sabo. Lokacin da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta zauna a Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, suka kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, wanda yake amsa sunan Mai Wurno har yau. Ka je ka ce wa jikokinsu garinsu jabu ne domin Wurno tana ƙasar Sakkwato, ka ji abin da za su gaya maka.

Sauya suna da kake so hukuma ta yi, an taɓa yi a gaban idona. Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya a lokacin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja. Garin ya yi kusan shekara 150 da sunansa, da sarautarsa ta Sarkin Zazzau, da tukwanensa da suka yi suna. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin da ba a ma gina ba, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Na san tsofaffin direbobi da har suka bar duniya idan suka ce za su Abuja, Suleja suke nufi. Yanzu ka gaya mini, a tsakanin biyun, wacce taswirarka za ta kira ta asali? Abin da yake damuna da ku 'yan yanzu shi ne kun fi yarda da muryar da ke cikin waya a kan mai shayin da ke bakin tasha, alhali ita wayar ba za ta tambaye ka irin rawanin mutumin da kake nema ba.

Da na dawo Kano bayan kwana tara, na tarar da mahaifina a zaure, na ba shi labari tun daga Funtuwa har turakun awaki. Da na zo wurin dattijon mai shayi sai ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai ce mini ta bakin iyaka ba, ni ne na ce to kafin ya rufe baki. Lalitar tana nan a cikin akwatin ƙarfena, idan ka zo hutun sallah ka tuna mini in nuna maka. Kafin nan ka shirya ka je Tudun Wadan Ɗankadai ka yi wa abokinka Allah ya sanya alheri, ka riƙa wa amarya ko turmin atamfa ne, kuma a tasha ka faɗi sunan garin gaba ɗayansa.

Kakanka.