Auta, ga amsar tambayarki ta gashi kafin ki taso Ingila

Assalamu alaikum Auta. Ya gida, ya su Inna da Baba, ya damina a Katsina? Saƙonki ya same ni tun ranar Laraba, aiki ne ya sha kaina, sai yau Asabar na samu zama. Barka da fitowar biza, Allah Ya sanya albarka, Ya sa a je a sa'a a dawo da abin da aka je nema.

Sai da na yi dariya da na ga duk abin da ke gabanki, ga kuɗin ɗaki, ga rigar sanyi, ga rajista, amma tambayar da kika fi ja da tsawo ta gashi ce. Wai wane shamfu da wane kwandishina za ki riƙa saye masu sauƙin kuɗi, tunda naki murɗaɗɗe ne, da an tsefe sai ya tashi buzu-buzu, kuma ko ki ciko akwati da su daga babbar kasuwa. Ba dariyar raini ba ce fa. Ni da ban tambayi kowa ba, sai da na kwashe gashina a ƙasan banɗaki da hannuna, dunƙule guda, kafin na yi hankali.

Kar ki ɗauko shamfu daga gida. Nauyin banza ne, kilon nan ki bar wa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, su ne za ki yi kukan rashinsu. Shamfu kam duk titin da kika bi a nan akwai Boots ko Superdrug, ga Tesco da Asda da Aldi, ga Savers da Home Bargains da suka fi su rangwame.

Abin da na so wani ya gaya min tun farko shi ne maganar ruwa. Kin san rijiyar da ruwanta ke da zartsi, wadda sabulu ke ƙin kumfa a cikinsa? To ruwan famfon Landan da kewayenta ɗan uwansa ne, duk da dai shi ana sha lafiya lau. Ƙasar kudu maso gabashin Ingila dutsen alli ce, ruwan na ratsowa ta cikinsa ya kwaso kalsiyam da magnesiyam. Hatfield da za ki tana cikin wannan yanki. Ranar da kika sauka, ki buɗe butar shayi ta lantarki da ke kicin ɗin ɗalibai ki leƙa: za ki ga wani farin ƙanzo ya kama gindinta. Abin da ke taruwa a gashinki ke nan sannu a hankali, ya hana shi laushi, ya hana mai shiga. Shekarata ta farko a Landan na yi, na ɗauka shamfu ne ba shi da kyau. Na shiga wani kanti na zube fam 18 a kan kwalba ɗaya saboda hoton wata mai gashi kamar na aljana da ke jikinta, na zo na wanke, kai ya fito kamar tsohuwar tsintsiya. Da na komo Mancesta, inda ruwansu daga tafkunan arewa ake jawo shi kuma ba shi da wannan alli, shamfu na fam 3 ya yi min abin da wancan ya kasa. Ashe ba kwalbar ce da laifi ba, ruwa ne da kuma rashin sanina.

Sai ki haɗa da yanayin garin. Kin saba da bushewar hunturu, wata uku ne ta wuce. Nan kuma ɗaki a bushe yake saboda na'urar ɗumama ɗaki da ke aiki tun daga Oktoba har wajen Afrilu, waje kuma yayyafi da laima ba dare ba rana. Gashi ya bushe a ciki, ya fito ya zuƙi laima ya kumbura. Silin gashi ɗaya, in an duba shi da madubin likita, kamar jinkar ɗaki yake, ciyawa bisa ciyawa. In jinkar ta kwanta, gashi ya yi santsi da ƙyalli. In ta ɗaga, kowane sili sai ya kama ɗan uwansa, shi ne cukurkuɗewar nan da buzu-buzun da kike faɗa. Irin namu kuwa dama a shirye yake da bushewa, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshe saboda lanƙwasa, ba kamar na Turawa da ke miƙe zar ba. Shi ya sa za ki ga abokiyar ɗakinki Baturiya tana wanke kai kullum ko bayan kwana ɗaya. Kar ki ce za ki bi ta. Sau ɗaya a mako ya ishe ki, in da kitso ma kwana goma zuwa sati biyu.

To yanzu a kanti. Gaban kwalba talla ne, gaskiyar tana baya. Doka ce a jera abin da aka haɗa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka sunaye biyar ko shida na farko su ne kayan, sauran ɗan barbaɗe ne. Za ki ga an rubuta man kaɗanya da manyan baƙi a gaba, ki juya baya ki tarar da shi can ƙasa bayan turare. Na farko kusan kullum Aqua ne, wato ruwa. In na biyu Sodium Lauryl Sulfate ne, wannan mai ƙarfi ne, yana wanke kai ƙal amma ya tafi da maiƙon da kike lallaɓawa. Sodium Laureth Sulfate ƙanensa ne, ya fi shi sauƙin hali. Masu taushi sosai su ne irin Cocamidopropyl Betaine da waɗanda sunansu ya ƙare da Glucoside ko Isethionate, su ake zubawa a waɗanda aka rubuta wa Sulphate Free. Ba sai kin haddace ba, ki ajiye saƙon nan a waya ki buɗe a gaban kanta. Ni ma haka na yi ta yi, ina tsaye kamar mai duba allo.

Ga ra'ayina, ko da wasu 'yan matan nan za su yi min ca. An mayar da salfet, wato su Sodium Lauryl Sulfate ɗin nan, kamar wani guba, alhali ba haka ba ne. Mu mutanen mai ne, man kaɗe, man zaitun, bazilin, duk muna lafta wa kai. Shamfu mai taushi ba ya iya fitar da wannan duka, bare a ruwan alli. Sai datti ya taru, kai ya yi ta ƙaiƙayi, gashi ya yi danƙo, mutum ya ƙara lafta mai yana zaton bushewa ce. Ni kwalba biyu nake ajiyewa: mai taushi na kowane mako, da wani mai arha mai salfet da nake ɗaukowa sau ɗaya a wata ya yi share fage. Ke da za ki zauna a ruwan alli, ki duba wanda ke da EDTA a jerin, shi ke kama ma'adinan nan ya fitar da su. In babu, cokali ɗaya ko biyu na khal ɗin tuffa a kofi babba na ruwa, ki ɗauraye da shi bayan shamfu.

In kuɗinki na abu ɗaya ne mai kyau, ki sa shi a kwandishina. Shamfu minti biyu yake yi a kai ya bi rariya, kuma a fatar kai kawai za ki murza shi, kumfar da ke gangarowa ta isa ta wanke sauran. Kwandishina shi ke kwantar da jinkar nan. Kwalba uku nake ƙararwa kafin shamfu ɗaya ya ƙare, don haka babba nake nema, ba mai suna ba. A bayansa in kin ga Cetyl Alcohol ko Cetearyl Alcohol ko Stearyl Alcohol kar gabanki ya faɗi, ba giya ba ce, wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma shi ake so. Wanda ke busarwa shi ne Alcohol Denat in yana can sama. Behentrimonium shi ne mai ba da santsin da mataji ke wucewa. Dimethicone silikon ne, yana rufe gashi ya tare laima, yana da amfani ƙwarai ranar yayyafi, sai dai yana taruwa, to shi ya sa kike da shamfun share fagen.

Kin tuna yadda Inna ke jiƙa karkashi ta murje mana a kai ranar tsifa, yauƙin nan na bin wuya muna ta zillo? Aikin kwandishina ke nan, ba wani sabon ilimi ba ne. Ma'aunina har yau shi ne: in na shafa na ji yatsuna na sulɓewa kamar a karkashi, mai kyau ne ko na fam 2 ne. In ba santsi, ko na fam 20 ne bai yi ba.

Sunaye kuma, tunda na san sai kin tambaya. Garnier Ultimate Blends, Herbal Essences, Pantene da TRESemmé su ne na ƙasa a farashi, 'yan fam kaɗan, kuma TRESemmé na da manyan kwalabe da ke daɗewa. Waɗanda aka yi musamman don gashin baƙar fata, Cantu, ORS, Palmer's, Creme of Nature, As I Am, sun ɗan ɗara. SheaMoisture ya fi su tsada, sai an yi rangwame nake taɓa shi. Ki yi katin Boots da na Superdrug, kyauta ne, kuma da shaidar ɗaliba suna rage kashi 10 cikin 100. Sau da yawa suna yin sayi biyu a ba ki na uku, ranar ce ranar sayen kwandishina. A ƙasan farashi a kan kanta akwai ƙananan baƙi da ke nuna kuɗin kowane mililita 100, da shi za ki gane wace kwalba ce mai arha da gaske. Za ki kuma ga lambobin nau'in gashi irin 3C, 4A, 4C. Wani mai gyaran gashi ne Ba'amurke, Andre Walker, da ya yi wa Oprah Winfrey aiki, ya fara raba gashi gida huɗu, daga baya aka ƙara rassa. Naki tsakanin 3C da 4A yake a ganina, irin na dangin Baba, ba irin nawa mai taurin kai ba. Kar ki ɗauke shi da zafi, kai ɗaya ma yakan haɗa iri biyu. In Hatfield ta gaza miki, jirgin ƙasa daga can yana tsayawa a Finsbury Park, titin Stroud Green cike yake da shagunan kayan gashinmu, ga masallaci nan kusa ki yi azahar.

Kar ki saya duka a mako na farko. Ɗaya-ɗaya, ki ba shi wata guda ki gani. Kuma ki daina juya fam zuwa naira a gaban kanta, in ba haka ba ko ruwa ba za ki sha ba.

Yadda nake yi ranar wanki: in raba kan gida huɗu, in wanke da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, in matse, in shafa kwandishina da yawa daga tsakiya zuwa ƙarshen gashi, in taje da mataji mai manyan haƙora ina farawa daga ƙasa ina hawa, in bar shi minti biyar. Bayan ɗauraya ba na goge kai da tawul, tsohuwar riga ta auduga nake naɗawa ta tsotse ruwan. Da sauran danshi nake shafa man da ba a wankewa, sannan ɗan man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa a bisa ya kulle. Mai a kan busasshen gashi ƙyalli kawai yake yi, ba ya jiƙa komai.

Wanda ya fi cutar da ni shi ne ɗaura ɗankwali da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai saboda saurin lacca. A Katsina kafin ki gama shanya kaya rana ta busar da ke. Nan sai ki wuni da danshi, kai ya yi wari, amosani ya taso. Ki riƙa wanki da yamma ranar da ba ki da fita. Ki nemi hular satin ta ƙarƙashin hijabi da wata ta barci, don auduga na shanye mai tana kuma goge gashin goshi. In amosani ya matsa, ki je wajen mai ba da magani a cikin Boots ɗin, shawararsa kyauta ce, akwai shamfun magani irin Nizoral da ake sayarwa ba sai da takardar likita ba.

Na san Inna za ta kai ki wajen makitsiyarmu ta Ƙofar Marusa a yi miki ƙanana-ƙanana masu tsauri wai su kai ki Disamba. Ki roƙe ta ta sassauta hannu, musamman a gaba, kuma kar ya wuce sati shida a kanki. Gashin goshi in ja ya cinye shi, ba kullum yake dawowa ba. Abin da zai fi miki amfani, a watan nan da ya rage ki zauna gabanta ki koyi yi wa kanki kalaba ko manyan kitso guda shida. A nan kitson da ba a ɗauke shi komai ba a gida sai ki ji an ce fam 30 ko 40, kuma sai kin yi alƙawari tun mako guda.

Abin da za ki sa a akwati: man kaɗe na gaske gwangwani ɗaya, a naɗe shi da leda biyu a jakar da za a auna, ba ta hannu ba. Garin karkashi. Matajinki. Sabulun salo ki kawo don jiki, amma kar ki wanke kai da shi a ruwan Hatfield, sabulu da ruwan alli in sun haɗu wani farin datti suke bari a gashi. Man shanu kuwa ki haƙura, ko Inna ta nace. Dokarsu ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga Najeriya, saboda haka kilishin ma ki cinye shi a filin jirgin Kano.

Ki turo min ranar tashi da lambar jirgi in kin karɓi tikiti. Akwai hular satin biyu da ban taɓa sawa ba, zan aiko miki su tarar da ke. Ki gaida Inna da Baba, ki ce wa Inna garin karkashin a yi kashi biyu, ɗaya nawa ne.

Yayarki.