Ranar gwajin daino: me zan duba a motata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu Hausawa ne masu sha'awar motoci a Jidda. Mun haɗa kuɗi mun kama rana a wani gareji a Sina'iyya, unguwar makanikai, don a auna ƙarfin motocinmu a kan na'urar da ake kira daino. Tawa Land Cruiser ce, kuma ana ta tsorata ni wai na'urar tana kashe inji. Me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Daino ba ya kashe lafiyayyen inji, mai ciwo yake tona wa asiri. Za a ɗaure motar tamau, tayoyi a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, a taka totur har ƙasa sai allura ta kusa jan layi, kwamfuta tana auna ƙarfin da ya isa taya.

Kafin komai, tambayi mai garejin ko na'urarsa ta ƙafa huɗu ce. Yawancin Land Cruiser tayoyinta huɗu ke ja kullum, ba a ɗora ta a kan ta ƙafa biyu.

Gyara kuwa, yi shi saura mako guda, kada ka bari sai daren ranar. Canza baƙin mai, duba fulogi da fanbel, ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila ka nemi yoyo. Matatar iska fa? Ƙurar ƙasar nan tana toshe ta da wuri. Abin da ya fi damuna shi ne lagireto. A titi iska ce ke sanyaya shi, a kan daino kuwa motar a tsaye take, fankarta da wadda aka ajiye gabanta kawai ta dogara da su. Na ga tiyo ya fashe ana tsakiyar gwaji, tururi ya turnuƙe gareji, saboda ɗan tsagewar da mai motar ya raina. Matsa kowane tiyo da hannu inji na sanyi. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura, canza shi.

Zuba fetur 95, mai jan launi, ya fi 91 jure ƙwanƙwasar inji a zafi. Daidaita iskar tayoyi, ka zaƙulo tsakuwar da ta maƙale a cikinsu, don a wannan gudun fitowa take kamar harsashi.

Kada ranka ya ɓaci in lambar ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Tasu a inji aka auna, taka a taya, giya da difaranshal, mai raba wa tayoyi ƙarfi, sun ci rabonsu. Iska mai zafi ma tana rage ƙarfi, don haka ku roƙi a fara da sassafe, kuma kowa ya tsaya nesa da tayoyi.