Titi ya hau, gidaje sun nutse: tambayoyinku kan kwalta da magudanar ruwa

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga sababbin unguwannin gefen Kano suka fito, kuma ruwan damina ne ya haɗa su. Injiniyoyin da ke kula da wannan fili sun amsa uku daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara aka zuba mana kwalta a layinmu, muka yi murna. To amma titin ya ɗara ƙofar gidajenmu tsawo, kuma tun da damina ta kankama ruwa a zaure yake kwana. An yi kwata gefe da gefe, sai dai a cike take ko ba a yi ruwan sama ba. Ina matsalar take? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Titi hawa-hawa ake yin sa: jan ƙasa mai kaurin santimita 15 a daddanne ta da rola, dakakken dutse wajen santimita 15, sannan kwalta santimita 4 zuwa 5. Ka ga an tasam ma santimita 35. Idan ba a fara kankare tsohuwar ƙasar layin an kwashe ta ba, dole titi ya hau kan gidaje. Abin ya fi muni a unguwannin awon igiya, inda kowa ya yi daɓensa daidai da ƙasar da ya tarar, ba tare da an tsayar da tsawon titin da zai zo ba.

Amma kwatar da ke cike ko babu ruwan sama ita ce babbar alama. Ɗayan biyu ne: ko ba ta da mafita, ko gangarenta ya juya baya. Magudana ba tafki ba ce, aikinta miƙa ruwa ga wadda ta fi ta, har ya kai rafi ko kwari. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a fara gininta daga inda ruwan zai zube a hauro sama. Mai farawa daga tsakiyar unguwa, idan kuɗi suka yanke, ya bar muku dogon rami mai tara sauro. Ƙari a kan haka, kududdufai da dama da ke shanye ruwan unguwanni a Kano an cike su an yi gini, ruwan kuwa hanyarsa ta da yake nema.

Za ku iya gwadawa da kanku. Ku samo tiyo mai haske irin na magina, ku cika shi da ruwa, ku auna gindin kwatar duk bayan mita 10. Ya kamata ta riƙa sauka aƙalla santimita 5 a kowane mita 10, wato rabin mita a mita 100. Ƙasa da haka yashi zai kwanta ya toshe ta. Ku bi ta da ƙafa har ƙarshe ku ga inda ta tsaya, ku leƙa kowane kwalbati, don a nan leda da yashi suke cushewa.

Abin da kuka gani ku rubuta shi, da hotuna, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa hukumar da ta ba da aikin, ba ɗan kwangila kaɗai ba. Ku hanzarta: a irin wannan kwangila akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wani lokaci bayan kammalawa, domin ya gyara duk abin da ya lalace. Kafin nan, ku ɗaga dokin ƙofa da bulo jeri ɗaya ko biyu a shafe da siminti. Kada ku fasa jikin kwatar ku saka bututu daga tsakar gidan da ya fi ta ƙasa, ranar da ta cika ta nan ruwan zai dawo muku.

Tambaya: Mu mazauna layi ɗaya mun yi karo-karo za mu gina magudana mai tsawon mita 100. Wasu sun ce a yi da bulo don sauƙi, wasu sun ce kankare. Wanne ya fi, kuma siminti nawa za mu tanada? Daga sakataren wata ƙungiyar unguwa.

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, wannan aikin gayya ne mai lada. Kankare muke ba ku shawara. Bulo mai rami, ƙasar da ta jiƙa tana tura shi, mota kuma ta taka gefensa ya kwanta. Idan ƙarfinku bulo ne, ku ɗauki mai inci 9, ku cika ramukansa da kankare, ku shafe ciki.

Girman magudana ruwan da za ta ɗauka ne ke tsayar da shi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a ruwa mai ƙarfi na milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato duro 25. Ku ninka da yawan gidajen layin, ku ƙara tsakar gidajen da aka yi wa daɓen siminti, don su ma ba sa shan ruwa. Ga layi ɗaya da ba ya karɓar ruwan wasu layuka, faɗin santimita 60 da zurfin 60 yakan wadatar. Idan ruwan unguwar sama ta wajenku yake bi, sai injiniya ya zo ya auna.

Ga lissafin wannan girman, da bango da gindi masu kaurin santimita 15: kowane mita yana cin kusan buhu 2 na siminti, mita 100 kuwa wajen buhu 200, ban da shimfiɗar farko ta santimita 5 da ake yi a ƙasan rami. Kwaɓin shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A wurin aiki, buhu ɗaya da kwanon kwaɓa 4 na yashi mai kaifi da 8 na tsakuwa. Rodi mai milimita 10, tazarar santimita 20, a ɗaga shi kada ya taɓa ƙasa. Inda aka fi yin ɓarna shi ne ruwa: lebura yana son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin zubawa, kankaren kuma ya fito ba ƙarfi. Bayan zubawa a riƙa shayar da shi safe da yamma kwana 7, kuma kada mota ta hau silab ɗin ƙofar gida sai ya kai kwana 28.

Silab ɗin rufi ya zama mai ɗaguwa, ko a bar ƙofar yashewa duk bayan 'yan mitoci. A hana zuba shara da haɗa bututun masai. Kafin ku haƙa, ku sanar da hukumar tsara birane, KNUPDA, kuma ku tabbata ba maƙwabtan ƙasa za ku juye wa ruwan ba.

Tambaya: An shafa jan fenti a katangar gidana, an ce faɗaɗa titi zai ci ɗaki ɗaya. Ina da haƙƙin diyya? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma ta tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka a kai. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce a biya ba tare da jinkiri ba, kuma yana ba ki damar zuwa kotu. Sai dai idan ɗakin ya shiga hurumin da tun asali aka ware wa titi, samun diyya yana da wuya. Ki haɗa takardun fili da na izinin gini, ki ɗauki hoton ɗakin ciki da waje, ki tsaya ko ki wakilta wani ranar ƙiyasi, kuma kada ki rushe da hannunki kafin masu ƙiyasi su auna su ba ki shaida a rubuce.