Yadda za a ci moriyar hunturu kafin tseren kilomita 100 a kan duwatsu

Tambaya: Ina zaune a birnin Lyon na Faransa, kuma a watan Satumba na kammala tseren kilomita 55 a duwatsun Alps, wanda shi ne mafi tsawo da na taɓa yi. Burina in shiga tseren CCC a ƙarshen Agusta mai zuwa, amma dusar ƙanƙara ta fara rufe hanyoyin dutse. Me ya kamata in yi a watannin nan, kuma tsere nawa zan shiga kafin lokacin?

Amsa: Malam, da farko ka san girman abin da ka nufa. Tseren CCC yana tashi daga Courmayeur a Italiya, ya ratsa Champex a Switzerland, ya ƙare a Chamonix a Faransa, nisansa kusan kilomita 100 ne, jimillar hawansa kuma ta haura mita 6,000. Ana samun gurbi ta hanyar ƙuri'a, kuma sai mutum ya kammala ɗaya daga cikin tseren da ke ƙarƙashin UTMB, wato ƙungiyar da ke shirya CCC, kafin a saka sunansa, don haka ka tanadi wani tsere mai kama da shi a wajen wannan lokaci, ko da ƙuri'ar ba ta faɗo maka ba.

Ka fara da hutu na gaskiya, mako biyu zuwa huɗu, kana tafiya da ƙafa ko hawan keke kawai. Zuciya da huhu suna saurin farfaɗowa, amma jijiyoyin gwiwa da na agara suna jan lokaci.

Abin da na fi so ka mayar da hankali a kai shi ne gangara. Mafi yawan masu shiri hawa suke tsoro, alhali gangara ce take kashe ƙafa. A kowane taku na saukowa, naman gaban cinya yana miƙewa ne a daidai lokacin da yake riƙe nauyin jiki, wannan kuwa yana yi masa ƙananan raunuka da suke taruwa sa'a bayan sa'a. Na sha ganin mai gudu ya iso tashar abinci numfashinsa lafiya lau, amma ya dafa benci da hannu biyu kafin ya iya zama, daga baya kuma ya sauko daga tudu a karkace kamar mai ciwon baya. Maganin wannan a hunturu ake haɗa shi: sau biyu a mako ka yi tsuguno da nauyi, da saukowa daga kan akwati da ƙafa ɗaya sannu a hankali, da ɗaga dunduniya. Matakalan da ke hawa tudun Fourvière da tuddan Monts d'Or suna kusa da kai, kuma sun isa. Jiki yana da wata baiwa, domin gangara mai tsanani sau ɗaya tana rage ɓarnar ta gaba har tsawon makonni, saboda haka ba sai ka yi ta kowace rana ba.

Sauran gudunka daga Disamba zuwa Maris ya kasance mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira a cikinsa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a ƙarshen hunturu, kuma hakan ya yi daidai: ka rage tsawon gudu, ka mayar da shi dab da shan ruwa ko bayansa.

Game da yawan tsere, ra'ayina shi ne biyu sun wadatar kafin babban. Ka yi na kilomita 30 zuwa 40 a Afrilu ko Mayu, sannan na kilomita 50 zuwa 60 mai hawa sosai a ƙarshen Yuni, yadda za ka sami kusan mako takwas kafin CCC. Kada ka nemi matsayi a cikinsu. Ka gwada sandunan hawa, da fitilar goshi, da rigar ruwa, da cin abinci kana gudu, wajen giram 60 na sitaci da sukari a kowace sa'a, domin ciki ma sai an horar da shi.

A watan Yuli, bayan dusar ta narke, ka je ka bi wani yanki na hanyar kwana biyu a jere, musamman hawan Grand Col Ferret, mashigar dutse mai tsayin mita 2,537 daga saman teku, da doguwar gangarar da ke bin sa zuwa ƙauyen La Fouly. Daga tsakiyar Agusta sai ka rage aiki zuwa kusan rabi, ka ƙara barci, kuma kada ka sa sabon takalmi ranar tsere.