Ƙwayar fitsari: mai tsada ko mai araha?

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon zuciya, likita ya rubuta masa Lasix. Mai kemis ya ce akwai furosemide mai araha. Wanne zan saya masa?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Magani ɗaya ne, wato ƙwayar fitsari, Lasix sunan da kamfani ya ba shi ne kawai. Ka sayi mai arahar, amma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata nauyin ya dace da abin da ke takardar likita, galibi 40mg.

Aikinsa a ƙoda yake: yana hana ta mayar da gishiri cikin jini, gishirin ya fita ta fitsari, ruwa ya bi shi. Cikin awa guda yake fara aiki, ya ɗauki kusan awa 6, shi ya sa ake shan sa da safe. In aka sha da dare, Baba a hanyar banɗaki zai kwana. Abin da na fi jin tsoro shi ne sinadarin potassium da ke fita tare da ruwan. In ya yi ƙasa, jiki ya mutu, tsoka ta riƙa murɗewa, bugun zuciya ya rikice, musamman ga mai shan maganin zuciya na digoxin. Kuɗin da ka rage a kemis, ka kai su gwajin jini da na ƙoda. Kada a haɗa masa da diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, suna kashe kaifinsa, suna wahalar da ƙoda. A kuma rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa, in ba haka ba ana zuba ruwa a kwando ne.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura. Maƙwabciyata ta ce in sayi ƙwayar fitsari. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki saya. Kumburin ƙafa ga mai ciki yakan zo haka kawai, amma yakan zama alamar hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga, kuma ƙwayar ba ta maganinsa. Kumburin za ta ɓoye, ta rage jinin da ke isa ga jariri. Ki je awo a gwada jininki da fitsarinki. In akwai ciwon kai, ganin dishi-dishi ko kumburin fuska, yau ɗin nan za ki tafi asibiti.